Gurbin Kalilu a Ɗakin Kwamfuta

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Hajiya Kulu ta aiko in je. Tun a hanya na san ba gaisuwa ce ta sa ba.

Ta zaunar da ni a ofishinta na cibiyar jarrabawa, ta ba ni ruwan sanyi, ta tambayi ƙafar Inna surukata, sannan ta shiga magana. Masu duba cibiyoyi za su zo ranar tara ga watan gobe. Cikin kwamfutocinta arba'in, goma sha ɗaya kaɗai ke tashi, sauran zafi ya cinye faifan ajiyarsu. Ta ce, "'Yata, wata goma sha huɗu ke nan ina riƙe wa mijinki gurbinsa, shi da ya ce mini wata uku. Ba na so in yi abin kunya, amma 'ya'yan mutane ne za su zauna a ɗakin nan." In har kwamfutocin ba su tashi ba, za ta kira wasu mutanen Kano su kwashe duk abin da ka haɗa, su kawo nasu tsarin da nasu mutumin. Ka dawo ka tarar da baƙo a ɗakinka.

Sai na ji bakina ya ce, "Zan ƙarasa masa, Hajiya." Ban yi shawara da kowa ba, har da ni kaina.

Kalilu. A takarda kaɗai nake iya kiran sunanka gatsau, to bari in more. Kalilu, ka ga abin da ka jawo mini?

Laraba, 10 ga Satumba

Na buɗe laftof ɗinka. Ka ce kada kowa ya taɓa, amma ni ba kowa ba ce. Kalmar sirrin ma ba ka canza ba, har yanzu sunan akuyar Inna ne, wadda aka yanka tun bara.

Bari in rubuta aikin dalla-dalla in ga ko kaina yana nan yadda na baro shi a makaranta. Aji ɗaya muka yi, kuma na fi ka maki a shekarar ƙarshe, in ka manta ni ban manta ba.

Idan aka kunna kwamfuta, akwai ɗan umarnin da ke farkawa kafin komai. Yana zaune cikin wata ƙwaya da ba ta fi ƙwayar wake ba, manne a allon ciki. Bayos muke ce masa. Shi ke laluben faifai ya ta da sauran. Dabararka ita ce a cire faifan gaba ɗaya, tun da mutuwa suke ta yi, a koya wa bayos ya yi kira ta wayar netwok. Babbar kwamfutar da ke ƙaramin ɗaki, wadda ka sa wa suna Uwa, sai ta amsa, ta ba shi adireshi, ta turo masa duk abin da zai tashi da shi. Matsalar ita ce bayos ɗin waɗannan tsofaffin bai san katin netwok ɗinsu ba, sai an zauna an rubuta masa yadda zai yi magana da katin, layi bayan layi. Ka rubuta kashi biyu cikin uku, ka rufe, ka hau motar Agadas, wai za ka haɗa wa masu haƙar zinariya intanet can cikin hamada ka dawo kafin kaka.

Abin da ban shirya masa ba shi ne bayanan da kake bari a gefen kod, wato layukan umarnin. Da Hausa, yadda kake magana. "Nan akwai aljani, a bi a hankali." "Wanda ya ƙera katin nan Allah ya isa." A layin ƙarshe ka rubuta, "Gobe in sha Allahu."

Na rufe laftof ɗin na tafi na tsaya a bakin famfo, don kada Malam Nu'uman mai kula da janareta ya ga fuskata.

Asabar, 13 ga Satumba

Katin ya ƙi magana. Ni ma na ƙi tashi. Za mu gani.

Talata, 16 ga Satumba

An kawo sabon gero daga gonar Zango. Inna ta dama fura ta zuba a ƙwarya uku. Ta tsaya tana kallon ta ukun, sai ta juye mini a tawa ta ce wai na rame. Na shanye duka.

Na sake sauraron saƙonka na ƙarshe, na watan Fabrairu. Sakan goma sha tara ne. Rabinsa iska ce ke kaɗa waya, rabinsa kana cewa sabis babu kyau, in gaida Inna, kada in bari ta je rijiya da ƙafar nan. Ni ba ka ce mini komai ba, mugu. Ina kewarka har ina jin haushin kaina.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kashe kwamfuta ɗaya. Ina cikin ɗura mata sabon bayos aka ɗauke wuta, ƙwayar ta tsaya rabi da rabi, yanzu ko fanka ba ta juyawa. Garin gyaran gira. Lamba huɗu ce.

Na je shagon Ignatius da ke bakin tasha, ko yana da ɗan matsin nan da ake kama ƙwaya da shi a ɗura mata daga laftof kai tsaye, ba sai an kunna ta ba. Ya dube ni, ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da shi cikin leda ko buɗewa ba a yi ba. Ya ce, "Madam, Oga Kalilu ne ya sa na kawo masa daga Onica. Ya iso sati ɗaya bayan tafiyarsa. Mutum uku sun nema na hana." Shekararsa ashirin a Daura, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da zan tafi ya ce, "Mutum mai kai irin wannan ba ya ɓata, yana wani wuri yana gyara wa wani waya."

Ashe ba ni kaɗai ke ajiye maka abu ba a garin nan.

Lamba huɗu ta farfaɗo kafin la'asar. Daga yau ba na ɗura komai sai da matsin.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na gano aljaninka. Katin yana so a ba shi ɗan lokaci bayan an tashe shi kafin a tambaye shi ko waya na jone, kai kuma kana tambayarsa nan take. Gaggawa, kamar kullum. Layi uku na ƙara. Amma da sunanka na adana aikin, duk wanda ya duba zai ga Kalilu ne ya yi. Haka nake so.

Laraba, 24 ga Satumba

TA TASHI!

Lamba ɗaya, babu faifai a cikinta, na cire shi da hannuna yana kan tebur. Na danna, allo ya yi baƙi, sai rubutu ya fito tana neman adireshi, sai Uwa ta amsa, sai ga shafin jarrabawa fes. Na yi guɗa a ɗakin da babu kowa. Malam Nu'uman ya leƙo da gudu yana salati, ya ɗauka wuta ce ta ja ni.

Na ɗauki hoton allon na tura maka. Alama ɗaya ta nuna, bai shiga ba, kamar sauran da ke samansa. Duk da haka na tura.

Juma'a, 26 ga Satumba

Kwana biyu ina ɗura wa sauran, ɗaya bayan ɗaya, yatsuna duk sun yi kanta. Kowace na gwada ta tashi.

Wani direba ɗan Zango ya gaya wa ƙanin Inna wai ya ga mai kama da kai a Dirku, can gaba da Agadas, cikin azumi, dogo, da tabarau. Rabin mazan duniya dogaye ne. Inna ta ba da sadakar ƙosai. Ni ban san inda zan ajiye labarin ba, in na riƙe shi yana ƙona ni, in na sake shi ba ni da komai.

Litinin, 29 ga Satumba

Kunya ta ishe ni yau.

Hajiya ta zo da ƙanenta su ga aiki. Ta ce a kashe komai a kunna kamar ranar jarrabawa. Malam Nu'uman ya je ya yi abinsa, wuta ta dawo, kwamfutoci arba'in suka haska, sai kowace ta rubuta babu abin tashi ta tsaya. Arba'in cif. Ko ɗaya ba ta rufa mini asiri ba.

Ƙanen ya yi gyaran murya ya ce yana da lambar mutanen Kano a wayarsa. Hajiya ta ce, "Ajiye ta tukuna." Ta dube ni ta ce, "Alhamis 'yan mata za su zo gwaji daga garuruwan Zango da Babban Mutum. In ba ta yiwu ba ranar, kada ki ga laifina."

Bayan sun tafi na danna lamba ɗaya, ta tashi lafiya lau. Na danna ta biyu, ta tashi. Kamar yaran da ke ƙin gaida baƙo, yana fita su hau surutu. Na zargi Uwa, na zargi wayoyi, na zargi zafi. Kai kaɗai ban zarga ba.

Talata, 30 ga Satumba

Na gano, kuma ba a cikin laftof na gano ba.

Na yi sammako, ƙarfe bakwai ina cibiya, tun kafin Malam Nu'uman ya buɗe ƙofa. Na tsaya ina kallonsa. Ya ta da janareta, ya yi bisimilla, ya kama hannun sauya wuta ya ja shi ƙasa, ɓam. Hannu ɗaya ne ga ginin gaba ɗaya. Komai ya sami wuta lokaci guda. Ƙananan kwamfutocin nan da nan suke farkawa su fara kira. Akwatin da wayoyi ke haɗuwa a cikinsa sai da ya yi sakan hamsin kafin fitilunsa su daidaita. Uwa kuwa, tsohuwa mai nauyin jiki, minti uku da 'yan kai ta ɗauka. Na duba kod ɗinka: kira huɗu cikin sakan goma sha biyu, in ba a amsa ba a haƙura. Har ka rubuta a gefe, "Huɗu ya isa."

Ai dole ya ishe ka. Kai da ba ka taɓa zuwa aiki kafin ƙarfe tara ba, kullum kana tarar da Uwa a farke, yaya za ka sani? Ni ma haka na yi ta gwadawa, ɗaya-ɗaya, bayan an daɗe da kunnawa.

Na ce wa Malam Nu'uman ko zai riƙa kunna Uwa tukuna, ya jira, sannan sauran. Ya cire hularsa ya sosa kai ya ce, "Ranki ya daɗe, da safe zan iya. To in wutar gari ta ɗauke ana tsakiyar jarrabawa fa, na koma janareta? In bi su ɗaya-ɗaya ina ba su haƙuri?" Gaskiyarsa.

Don haka dole in goge layinka. Na daɗe da yatsa a kan madanni. Wannan ne karo na farko da zan cire abin da ka rubuta, dā ƙari kawai nake yi. Na goge. Na ce su yi ta kira, ba iyaka, har sai an amsa. A allo kuma su rubuta: Ana jira.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na sake ɗura wa arba'in ɗin. Bayana kamar an daka. Malam ya ja hannu sau uku, sau uku suna tashi gaba ɗaya. Ya ce, "Tubarkalla."

Alhamis, 2 ga Oktoba

'Yan mata talatin da takwas suka zo. An ja hannu, allo ya haska ko'ina, Hajiya ta yi murmushi, ni kuma na tafi ƙaramin ɗaki ina duba Uwa ina jin kaina wata tsiya.

Sai da aka yi minti ashirin da biyar na zagaya layin baya. Wata yarinya a lamba ashirin da uku, Rauda sunanta, daga Babban Mutum, tana zaune ta haɗa hannu a cinya. Allonta baƙi, rubutu ɗaya a tsakiya. Na ce, "Ke, me kike yi tun ɗazu ba ki yi magana ba?" Ta ce, "Anti, an rubuta ana jira."

Ɓera ne ya ci wayar ta bayan tebur. Babu kiran da ke fita, babu amsar da za ta shigo. Da ban zagayo ba, da kwamfutar nan ta yi ta kira har tashin kiyama, yarinyar kuma tana taya ta zama. Tun asuba ta hau mota, ko karyawa ba ta yi ba, rabin lokacinta ya tafi a kallon rubutuna. Na yi mata tsawa, kuma ba ita ta cancanci tsawar ba. Na mayar da ita wata kwamfutar, na roƙi Hajiya a ƙara mata lokaci. Da za su tafi na saya mata gyaɗa da ruwa, ta karɓa da hannu biyu tana ba ni haƙuri, ita ke ba ni haƙuri.

Hajiya ba ta kira mutanen Kano ba. Amma ta ce, "Ranar jarrabawa ta gaske babu mai ƙara wa kowa minti ɗaya. Ki sa ta san lokacin da za ta ce ba ta samu ba, yaro ya ɗaga hannu."

Kwamfuta take nufi. Na san kwamfuta take nufi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Lamba ɗaya kawai zan rubuta a layin, ta iyakar jira, na kasa. Na share ɗakin kwamfuta, na ɗaure wayoyi sama inda ɓera ba zai kai ba, na sa Malam ya toshe ramin bayan ƙofa da siminti. Komai na yi ban da wannan.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na auna da agogo sau shida. Mafi daɗewar da Uwa ta yi minti uku da sakan ashirin. Biyar ya wadatar, har da rara. Amma na zauna ina ta saƙa: in aka ce biyar, ita kuma ta amsa a biyar da sakan ɗaya fa? An haƙura ke nan ana dab da samu?

Ban san a fili na faɗa ba sai da Malam Nu'uman, yana goge fanka, ya ce, "To ai sai a sake dannawa, ranki ya daɗe. Ba rufe ƙofa aka yi da ƙusa ba."

Na rubuta biyar. Bayan minti biyar allo zai ce: Ba a sami amsa ba. Ɗaga hannu a duba waya. Na cire wayar lamba ashirin da uku na gwada, na zauna gabanta minti biyar ɗin nan cur ina kallo. Ban taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba. Da rubutun ya fito sai na ji hawaye, ban san na mene ne ba.

Gobe da jibi ɗuri na uku. Allah ya sa na ƙarshe ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sun zo su uku da takardu. Babbansu ya ce a kashe komai. Malam ya yi bisimillarsa ya ja hannu. Minti uku da rabi, arba'in suka tashi. Ya sa aka sake, suka sake. Ya zare wayar wata da kansa don ya ga abin da za ta yi, ya tsaya da agogo, da rubutun ya fito ya gyaɗa kai ya yi alama a takardarsa.

Sai ya ce, "Wa ke kula da tsarin nan?"

Na ce, "Maigidana ne ya tsara shi, ya yi tafiya."

Ya ce, "Allah ya dawo da shi lafiya. Amma sunan da zan rubuta na wanda za a kira ne in abu ya lalace ranar jarrabawa, ya iso cikin minti goma. Wa ke gari?"

Hajiya ta zuba mini ido. Malam Nu'uman ya sunkuyar da kai. Na ji kamar an sa ni in zaɓi hannun da za a yanke. Na ce, "Adawiyya." Ya ce in rubuta da kaina, da lambar waya, in sa hannu. Na sa.

Mutanen Kano ba za su zo ba, Kalilu. Babu baƙon da zai shiga ɗakinka. Na tsare maka gurbin daga kowa, sai ga shi sunana ne a kai. Ban san ko riƙe maka na yi ko ƙwacewa ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na gaya wa Inna, ina jiran ta yi fushi. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gara ke da bare." Can kuma ta ce, "In ya dawo ya nema a wurinki, ku ƙarata."

In ya dawo. Dā cewa take ranar da zai dawo.

Laraba, 15 ga Oktoba

Aiki ya fara zama aiki. Hajiya ta ba ni mabuɗin ƙaramin ɗaki. Katin lamba tara yana wasa, zan je wurin Ignatius gobe. Ina so in sa Uwa ta riƙa nuna mini wace kwamfuta ce ba ta yi kira ba, tun kafin yaro ya ɗaga hannu.

Wayata tana kan tebur, fuskarta sama, kamar kullum.

Kujerar ɗakin nan ta yi mini tsawo tun ranar farko, ko a nan ban taɓa faɗa ba. Daidai ƙafafun Kalilu aka ɗaga ta, ni kuwa sati biyar ƙafafuna na lilo, shi ya sa bayan nan ke ciwo. Yau bayan azahar na laluba ƙarƙashinta na ja ɗan ƙarfen, ta sauka. Saboda baya ne kawai. Ana iya mayar da ita, ba wani abu ba ne.

Ƙafata ta taɓa ƙasa, na ci gaba da aiki har la'asar.